Wuyan Babur Ɗin Da Aka Goge

"Ba zan karɓi sadakin ɗan ɓarawo ba. Ko da kuwa shi kaɗai ya rage namiji a Abuja."

Baffa Badamasi ne ya faɗa, yana zaune a babbar kujerar falon Hajiya Safiyatu a Lugbe, ya ɗora hularsa a kan gwiwa. Tun da yayansa Malam Saleh, mijinta, ya rasu, shi ne uba a gidan, shi ne kuma waliyyin 'yarsu Mashkura. Ba mugun mutum ba ne. Matsalarsa ɗaya ce: duk maganar da ta riga shiga kunnensa ita ce gaskiya, wadda ta zo daga baya kuwa sai ta yi rantsuwa.

Mashkura tana durƙushe a gefen kafet. Ta ɗago kai.

"Baffa, wane ne ɓarawo?"

"Nuna mata," in ji Baffa.

Farouk ya matso da wayarsa. Shekara biyu ke nan yana zirga-zirga a ƙofar gidan da mota mai sanyi da turare mai nauyi, Mashkura tana gaishe shi da ladabi tana kuma sallamarsa da ladabi. Da maganar aurenta da Hafizu ta kai ga bincike, sai Baffa ya rasa wanda zai ɗora wa aikin duk faɗin garin nan sai Farouk, wai don ya san mutane. Ba wanda ya ga abin mamaki a ciki sai Mashkura.

Hoto ne na wani ƙarfe, daidai inda kan babur yake haɗuwa da jikinsa. Ko'ina ja ne da tsatsa, ban da wani wuri kamar faɗin yatsu biyu da yake ƙyalli.

"Nan ne wuyan mashin," in ji Farouk, da muryar mai yi wa yara karatu. "A nan kamfani yake buga lamba. Kin ga lamba? Babu. An goge ta da giranda, injin nan mai cin ƙarfe. Kowa ya san su wane ne suke goge lamba."

"Kai kuma me ya kai ka garejin Hafizu?"

"Aike na aka yi."

"Ka ce masa aike ka aka yi? Ko ce masa ka yi kana son shiga ƙungiyarsu ta masu tsofaffin babura?"

"Ke!" Baffa ya daka mata tsawa. "Ba shi ake tuhuma ba. Uban yaron nan, Alhaji Ilyasu, sana'arsa ke nan a Karu har ya mutu: ya sayi tsohon babur, ya farfasa, ya sayar da kayan. Bai taɓa tambayar takarda ba, an shaida mini. Yanzu ga babur irin na ubanki sak a bayan gidansa, ga fentin shirin gonar da ya ba shi babur ɗin a ƙarƙashin tankin, ga lamba an goge. Me kike so in ce? In ce Allah ya sa albarka?"

Daga bakin ƙofar ɗaki aka ji wani sauti ƙarami. Hajiya Safiyatu ce ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Shekara ashirin da uku ke nan. Malam Saleh malamin gona ne, yana zagaya ƙauyukan da ke bayan Sheda a kan babur ɗin da aka raba wa irinsa, dogo mai manyan tayoyi, wanda ake ƙetare rafi da shi a hau dutse. Wata ranar Talata ya fita bayan Azahar zai duba gonar doya. Washegari masu zuwa ɗibar ruwa suka sami gawarsa a bakin rafi. Babur ɗin kuwa ba a sake ganinsa ba. Mashkura tana da shekara huɗu a lokacin. Abin da take iya tunawa na mahaifinta bai wuce warin fetur a rigarsa ba.

"Baffa," ta ce, "babura nawa aka raba a lokacin?"

"Arba'in, ko kusa da haka."

"To ɗaya ne cikin arba'in."

"Na ji. Amma wanne daga cikin sauran aka goge wa lamba?"

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne, a wannan karon maganar farko da ta shiga kunnen Baffa tana da ƙafafun tsayawa.

Ta share ido da bayan hannu.

"Lambar tana nan, Baffa. Ba ta tafi ba."

"Ga ta an goge, kina cewa tana nan?"

"Idan aka buga lamba a ƙarfe, ba sama kaɗai take taɓawa ba, har can ciki ƙarfen yake matsewa. In an goge saman, na ƙasan yana nan. Akwai ruwan asid da ake shafawa ta fito. Aikina ne, Baffa. Abin da nake yi ke nan a ɗakin gwaji a Sheda tun da na gama karatu."

Farouk ya yi wata 'yar dariya. "Kuma ke za ki karanta mana abin da kika gani? Ke da kike son a wanke shi?"

Baffa ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya juya wajen Hajiya Safiyatu.

"Takardar babur ɗin tana nan?"

"Tana cikin akwatinsa."

"Ta taɓa gani?"

"Ban taɓa buɗe mata ba."

"Ɗauko mini. A aljihuna za ta kwana. Ranar Asabar mu je Karu, ta fito da lambar a gabana, ni kuma in duba takarda. In ba ita ba ce, ni da kaina zan ba yaron haƙuri. In kuwa ita ce..." Ya sa hularsa. "In ita ce, ba zancen aure za mu yi ba, zancen 'yan sanda za mu yi."

*

Bayan sun tafi, Mashkura ta sami mahaifiyarta a kicin tana tsince shinkafar da ba ta da tsakuwa ko ɗaya.

"Umma."

"Ke 'yar nan, ki bar ni." Ba ta taɓa kiran sunanta ba, 'yar fari ce.

"Kin yarda da abin da suka ce?"

"Ni ban san me na yarda da shi ba. Yaron nan ya shigo gidan nan, ya durƙusa ya gaishe ni, na zuba masa tuwo da hannuna. In har a bayan gidansu babur ɗin mahaifinki ya yi shekara ashirin yana ruɓewa, ni kuma ina nan ina tambayar Allah wa ya yi mini wannan..." Hawaye ya ci ƙarfinta. Ta ture tiren gefe.

Mashkura ta riƙe hannunta.

"Ko da hakan ne, Umma, Hafizu yana da shekara takwas a lokacin."

"Haka mutane za su ce miki, wai ɗa ba ya ɗaukar laifin uba. Su ba za su zauna da shi ba ne. Ke za ki haifa masa ɗa, ya ce a sa sunan mahaifinsa, ki wuni kina kiran sunan a tsakar gida. Za ki iya?"

Mashkura ta saki hannunta.

"Kin gani," in ji Umma. "Ni abin da nake tsoro ma ba wannan ba ne. Ina tsoron ki ga lambar ki ce ba ki gani ba."

"Haba Umma! Ni?"

"Ke. Na taɓa son mutum, na san abin da ake iya yi."

Da la'asar Mashkura ta kira Hafizu. Ta gaya masa komai, tun daga hoton Farouk har zuwa Asabar. Ta yi tsammanin zai yi fushi, ko ya yi dariyar nan tasa ya ce su zo ko yau ma. Sai ya yi shiru, har ta duba wayar ko ta katse.

"Kana ji na?"

"Ina ji. Dama ana iya dawo da lamba?"

"Ana iyawa."

"Duka?"

"In ba a ci ƙarfen da zurfi ba. Wa ya goge, Hafizu?"

"Ni ne. Kuskure ne. Tsatsar wurin ta yi kauri, na sa giranda, kafin in ankara ta cinye."

"To ai shi ke nan. Haka za ka gaya wa Baffa."

"Haka ne," ya ce. "Allah ya kai mu."

Ta ajiye wayar. Amsarsa ba ta da aibi. Tambayarsa ce ta tsaya mata a rai: duka? Mutumin da ya yi kuskure murna yake yi in aka ce za a gyara masa. Ta kori tunanin, ya fita ta ƙofa ya dawo ta taga, haka suka yi ta yi har Asabar.

*

Garejin ba gareji ba ne na sana'a. Rumfar kwano ce a bayan gidan su Hafizu a Karu, inda marigayi Alhaji Ilyasu yake jibge abin da bai sayu ba. Hafizu ma'aikacin safiyo ne, mai awon filaye, a wata ma'aikatar tarayya, Litinin zuwa Juma'a yana cikin kaftani mai guga. Asabar da Lahadi kuwa shi da abokansa su biyar ne suke tono gawarwakin babura na zamanin iyayensu, su tashe su, su tafi hawan duwatsun bayan gari kamar waɗanda ba su da ciwon baya. Dalilin tsatsa ma suka haɗu da Mashkura, ranar da ya je Sheda da wani ruɓaɓɓen tanki a buhu yana neman wanda zai gaya masa ko zai rayu.

Ƙarfe goma na safe suka iso. Hafizu ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da zuwa, Baffa."

"Yauwa," in ji Baffa, bai miƙa hannu ba.

"Oga Hafizu," in ji Farouk, "ka ga yadda abin ya zama. Ni dai aike na aka yi."

"Na gani. Har hular kwano na ara maka ranar."

Mashkura ta ajiye jakarta a kan benci, ta fito da kwalbar asid mai ruwan ɗorawa, da auduga, da safar hannu, da sanfefa mai laushi.

"Baffa, warin abin nan yana kama ƙirji, kai kuma ga asma. Ku zauna a inuwar mangwaro. In ta fito zan kira ka ka gani da idonka."

Baffa ya dafa aljihunsa inda takardar take, ya tabbatar tana nan, ya fita. Farouk ya so ya tsaya, amma da ta buɗe kwalbar ya shaƙi abin sau ɗaya, sai ya tuna ana kiransa a waya.

Ƙofar rumfar a buɗe take, suna ganin su daga inda suke zaune, sai dai ba sa jin magana.

Ƙashin babur ɗin yana rataye da sarƙa, ba taya, ba inji, ba tanki. Mashkura ta sa safar hannu ta fara laushe wurin da sanfefa, a hankali, gefe guda kawai take bi. Hafizu yana tsaye riƙe da tocila.

Tana aiki tana kallon rumfar. Ta sha zuwa nan da ƙawarta, amma ba ta taɓa duban wurin da idon mai neman wani abu ba.

A jikin bango manyan robobi ne guda huɗu cike da ruwan tsamiya, baƙi ƙirin, kowace da kwanan wata a rubuce a murfinta. A ciki yake jiƙa duk abin da ya yi tsatsa, kwana tara, wani har sati biyu, sannan ya fito da shi ya bi da tsohon buroshin haƙori. A kan katako kuwa ƙananan gwangwanaye ne a jere, kowane noti da wanda ya fito tare da shi. Sama da su an manna hotuna: inji kafin a kwance, kafireta kafin a kwance, har yadda wayar birki ta lanƙwasa.

"Tankin can," ta ce, ba ta ɗago ba, "kwana nawa ya yi a tsamiya?"

"Sha ɗaya."

"Salansar hayaƙin nan fa? Na ga ta fi wuyan nan ruɓewa."

"Sati biyu. Sai da na sake mata ruwa."

"Ba ka sa mata giranda ba."

"Ai ba a sa wa..." Ya tsaya.

"Ƙarasa mana."

Ya kau da kai.

"In ƙarasa maka? Ba a sa wa tsohon ƙarfe giranda. Tana cin tsatsa ta haɗa da ƙarfen. Aikin masu gaggawa ne. Da kunnena na ji ka kori abokinka James daga rumfar nan saboda ya taɓa rim ɗin taya da giranda, kuka yi wata guda ba kwa magana." Ta ajiye sanfefar. "Ina girandarka ma, Hafizu?"

"Ba ni da ita."

"To wacce ka yi kuskuren da ita?"



"Ta mai walda ce. Na aro."

"Ka tashi, ka fita, ka tsallaka titi, ka aro abin da ka tsana, ka dawo, ka sa shi a wuri ɗaya tak duk jikin babur ɗin nan. Kuskure." Ta nuna bango da haɓa. "Ka ɗauki hoton kowane noti. Nuna mini hoton wuyan kafin ka taɓa shi."

"Mashkura..."

"Nuna mini."

"Babu."

Ta dafa bencin. A waje Baffa yana jan carbi, Farouk yana kai da kawo da waya a kunne, idonsa a kansu.

"Yaushe?"

"Cikin azumi." Ya sauke tocilar. "Ranar da kika ba ni labarin mahaifinki. Bayan kin tafi na kasa zama. Dama na fara kankare tankin, na ga koren fenti a ƙasa ban kula ba. Ranar na koma na duba da kyau, na ga tambarin shirin gona. Na san yadda Baba yake sayen kaya. Wallahi ba ɓarawo ba ne, amma ba ya tambaya. In aka kawo masa abu da araha, ba ya tambaya."

"Ka karanta lambar?"

"A'a. Tsatsa ta rufe rabi. Ban so in sani ba."

"Ba ka so ka sani ba."

"Na yi kwana uku ina kallon wurin. Na ce in ita ce, na rasa ki. In na goge, ba wanda zai taɓa sani, har ni. Sai mu zauna lafiya."

"Har ke, ya kamata ka ce. Ni ce ba zan sani ba." Hawaye ya zubo mata, ba ta da hannun sharewa saboda safar. "Uwata shekara ashirin da uku tana tambayar inda babur ɗin nan ya shiga. Na zauna a kan bencin nan na gaya maka haka, ina kuka, ka ba ni hankicinka. Ka raka ni mota. Sannan ka tsallaka wajen mai walda."

"Don ina son ki ne."

"Kowa haka yake cewa. Farouk ma don yana so na ya zo ya ari hular kwanonka."

"Kada ki haɗa ni da shi."

"Shi ya ɓoye maka dalilin zuwansa na wuni ɗaya. Kai fa? Na shekara nawa ka shirya?"

Ya durƙusa a gefen bencin, kamar mai neman wani noti da ya faɗi, don kada na waje su gane. Idonsa ya yi ja.

"Ki ji ni. Har yanzu ba ki shafa komai ba. Kin ce in an ci ƙarfen da zurfi ba ta fitowa. Ki ce musu ba ta fito ba. Ba wanda zai ƙaryata ki, ke kaɗai kika san aikin. Baffa zai yi fushi na wata biyu ya huce. Ni zan kai babur ɗin a narkar. Mashkura, don Allah. In ita ce, mahaifina yana kabari ba zai iya kare kansa ba, ƙannena mata biyu ba su yi aure ba, sunan gidanmu ya tafi ke nan. Kuma ke..."

Ta kalli kwalbar. Gaskiya ya faɗa, ba wanda zai ƙaryata ta. Ta ga falon da suka je dubawa a Lugbe, mai taga biyu. Ta ji yadda abin zai yi sauƙi, kuma sauƙin ne ya tsorata ta.

"Riƙe tocilar da kyau," ta ce.

"Mashkura."

"Ka riƙe, ko in kira Farouk ya riƙe."

Ya miƙe. Ta tsoma audugar, ta shafa a kan ƙarfen, daga hagu zuwa dama. Wurin ya yi duhu, ya yi 'yar kumfa. Ta goge, ta sake shafawa. Sau uku, sau huɗu, babu komai. Ta ji numfashinsa ya fara sauka, ta kuma tsani kanta da ta ji nata ma yana sauka.

A shafa ta bakwai wata inuwa ta taso, kamar rubutun da aka yi a kan gilashi mai raɓa. Bakwai. Sai wani abu mai kama da sifili. Sai huɗu.

"Baffa!" ta ƙwala kira. "Zo da sauri, ba ta daɗewa!"

*

Baffa ya shigo yana toshe hanci da babbar rigarsa, Farouk a bayansa. Ya zaro takardar, ta yi ruwan ƙasa don tsufa, ya sa tabarau.

"Kada ki karanta mini. Ni zan gani da kaina."

Ya sunkuya. Ya dubi ƙarfe, ya dubi takarda. Leɓɓansa suna motsi.

"Bakwai... bakwai. Sifili... sifili. Huɗu..." Ya sake duba takardar. "Huɗu."

"Allahu akbar," in ji Farouk, a hankali, amma kowa ya ji daɗin da ke ciki.

Hafizu ya jingina da bango ya rufe ido.

"Na farkon duk iri ɗaya ne, Baffa," in ji Mashkura. Ita kanta ba ta gane muryarta ba. "Tare aka sayo su. Na ƙarshen za ka duba."

Ta sake shafa audugar. Sauran suka taso ɗaya bayan ɗaya.

Baffa ya daɗe a sunkuye. Ya cire tabarau, ya goge da gefen riga, ya mayar. Ya bi lambobin da ɗan yatsa a takarda, ya bi su a iska a kan ƙarfe. Sannan ya miƙa wa Farouk takardar.

"Kai mai idon yara, duba mini. Uku na ƙarshe."

Farouk ya duba. Ya sake dubawa, ya fi Baffa daɗewa.

"A takarda ɗaya, biyu, tara ne," ya ce da ƙyar. "A ƙarfen kuma ɗaya, biyar, shida."

"Wato?"

"Ba... ba shi ba ne. Amma Baffa, ai duk da haka gogewar..."

"Rufe mini baki."

Baffa Badamasi ya ninke takardar ya mayar aljihu. Ya juya wajen Hafizu, wanda ya zame ya zauna a ƙasa yana kuka kamar yaro, ya miƙa masa hannu biyu ya tashe shi.

"Ɗana, na zalunce ka, na zalunci mahaifinka yana kabarinsa. Na kira shi da sunan da ba nasa ba a gaban mutane. Ka yafe mini, Allah ya jiƙansa." Ya dafa kafaɗarsa. "Na yi alkawari, kuma ba na mayar da magana. Ka gaya wa manyanka su zo Asabar mai zuwa. A ranar za mu sa rana."

"Na gode, Baffa. Na gode." Hafizu yana magana yana kallon Mashkura ta saman kafaɗar tsohon. Kallon roƙo ne. Komai ya wuce, in ji idonsa. Ba shi ba ne. Ba wanda aka cuta.

Mashkura ta wanke wurin da ruwa, ta shafa masa mai don kada ya sake kamawa. Ta rufe kwalbar, ta cire safar hannu ɗaya bayan ɗaya, ta ninke. Ta jira ta ji farin cikin da ya kamata ya zo. Ta ba shi lokaci. Abin da ya zo kawai shi ne tambaya: da lambar ta zo ɗaya, biyu, tara, da wannan mutumin zai aure ta, ya kwana ya tashi da ita shekara arba'in, ya riƙa kai Umma asibiti, bakinsa a rufe.

"Baffa," ta ce, "kada su zo."

Baffa ya juyo.

"Me kika ce?"

"Kada su zo Asabar."

"Ke, kina da hankali? Kwana huɗu kina kuka a kan yaron nan. Ga shi Allah ya wanke shi a hannunki!"

"Mahaifinsa aka wanke, Baffa."

Baffa ya dube ta, ya dubi Hafizu. Ya ga yadda yaron ya sunkuyar da kai. Karo na farko a rayuwarsa ya ji magana ta biyu ta shige shi ba tare da rantsuwa ba.

"Akwai abin da ban sani ba?"

"Akwai. Amma ba a bakina za ka ji ba. In yana so, ya san hanyar gidanka. Ya kuma san hanyar ɗakin Umma, don ita ya fi kamata ta fara ji."

Ta rataya jakarta ta fita. Farouk ya riga ta zuwa mota da sauri, ya buɗe mata ƙofar gaba yana gyara wuyan riga. Ta zagaya ta buɗe ta baya da kanta.

Hafizu ya biyo ta har bakin mota, hannunsa duk baƙin mai.

"In na je na faɗa mata, ba za ta sake bari in taka gidanku ba."

"Wataƙila."

"In na faɗa, za ki jira ni?"

Ta dube shi ta gilashin da bai gama rufuwa ba. Tana son sa, wannan bai ragu da ko ƙwayar gero ba, kuma shi ne abin haushin.

"Ka ga, har yanzu so kake ka san amsa kafin ka faɗi gaskiya," ta ce. "Je ka faɗa ba ka sani ba."

Ta ɗaga gilashin.